Neman shawara: ƙuri'ar keke ta jawo min zargi, masu lissafi ku taimaka

Malamin Hausa (yankin Ringim):
Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema, musamman gurin masu ilimin lissafi da kuma manyanmu da suka daɗe a harkar koyarwa. Ni malami ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo a wani ƙauye a yankin Ringim, Hausa nake koyarwa kuma ni aka ɗora wa kula da 'yan SS1. Makarantar tamu yaran ƙauyuka uku take ɗauka, namu da makarantar take cikinsa, sai na gabas da mu, sai wani na bakin kogi wanda shi yafi kowa nisa.

Wani bawan Allah ɗan yankin da yake kasuwanci a Kano ya aiko da kekuna biyu sabbi fil yace a ba 'yan SS1, ɗaya aji A ɗaya aji B, kuma ya kafa sharaɗi lallai ƙuri'a za a yi, baya so malami ya nuna yaro da hannunsa. Shugaban makaranta yace ni zan gudanar. Na rubuta sunayen aji A a 'yan takardu na nannaɗe na zuba a hula monita ya zaro a gaban yara, muka je aji B aka yi haka. Aji A ya faɗa kan ɗan ƙauyenmu, aji B ma ya faɗa kan 'yar ƙauyenmu. To tun daga ranar ban huta ba, a kasuwa magana a masallaci magana, iyayen ƙauyukan nan biyu suna cewa wai ba yadda za a yi duka biyun su fito daga ƙauyen malamin da ya rubuta takardun sai dai in an shirya, kuma wallahi Allah shi ne shaida ban shirya komai ba, yaran ma ba dangina bane.

Ga yawan yaran. Aji A su 40 ne: 12 namu, 16 na gabas, 12 na bakin kogi. Aji B su 50 ne: 20 namu, 15 na gabas, 15 na bakin kogi. Bamu da malamin lissafi yanzu, ɗan bautar ƙasar da yake riƙe mana ya gama ya tafi. Abin da nake so na sani, a lissafi wannan abin da ya faru abin mamaki ne ko kuwa abu ne da yake iya faruwa haka kawai? Sannan akwai taron iyayen yara ranar Asabar, ta yaya zan yi musu bayani su fahimta? Ga shi mutumin yace zangon karatu mai zuwa ma zai ƙara aiko da wasu biyun, ni kuma gabana faɗuwa yake kar a sake maimaitawa.

Ɗan Taura:
Wslm Malam, ai abin a fili yake. Aji A 12 cikin 40 kashi 30 kenan cikin ɗari, aji B 20 cikin 50 kashi 40, ka haɗa su ya zama 70. Kaga kenan dama ƙauyenku ne yake da rinjaye, ka faɗa musu haka kawai ka huta.

Malamar Lissafi (Gumel):
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya fitar da kai. Ɗan Taura rabin farko na maganarka daidai ne, 30 ɗin da 40 ɗin duk haka suke, amma ba a tarawa a nan, ninkawa ake yi, kuma dan Allah Malam kar ka je taro da 70 ɗin nan don in akwai ko ɗan SS3 ɗaya mai kai a gurin zai kwance maka zani a kasuwa. Hanya mafi sauƙi ta gane tarawa ba daidai bace: da ace aji A kashi 60 ne aji B kashi 70, in ka tara zaka samu 130 cikin ɗari, kuma babu abin da yiwuwarsa take wuce ɗari bisa ɗari.

Ƙa'idar ita ce, in abu biyu ne kuma babu ruwan ɗaya da ɗaya, wato abin da ya fito a hular aji A bai rage ko ƙara komai a hular aji B ba, to yiwuwar su faru tare ita ce ka ninka ta farko da ta biyu. 3 bisa 10 sau 4 bisa 10, ya baka 12 bisa 100. Kashi 12 cikin ɗari kenan, wajen sau ɗaya cikin takwas. Wannan ba abin da za a kira mamaki bane Malam. Ba shi ne yafi yawan faruwa ba, amma abin da yake zuwa sau ɗaya cikin takwas ai ana ganinsa.

Ga sauran don ka ga cikakken hoton. A ce babu ɗan ƙauyenku ko ɗaya, 7 bisa 10 sau 6 bisa 10, kashi 42. A ce ɗaya naku ɗaya na wani gurin, kashi 46. Ka tara 12 da 42 da 46 zaka ga ɗari cif, haka muke gane lissafin bai zube ba. Irin wannan tambayar tana fitowa a WAEC da NECO, sai dai su da ƙwallaye ja da baƙi suke kawo ta.

Ɗan Taura:
To Malama ita tarawar yaushe ake yinta kenan?

Malamar Lissafi (Gumel):
In tambayar ita ce "wannan ko wancan" kuma ba za su taɓa haɗuwa ba. Misali a aji A kaɗai, yiwuwar keken ya je gabas ko bakin kogi, 16 da 12, 28 cikin 40, nan tarawa ce don takarda ɗaya ba za ta zama ta ƙauye biyu ba. Naka lissafin ya kusa da wata tambayar daban, wato ƙauyen su Malam ya samu aƙalla keke ɗaya, amma ko a nan sai ka cire 12 daga 70 ɗin saboda ka ƙirga lokacin da suka ci duka biyun har sau biyu, amsar 58 ce.

Malamin Hausa (yankin Ringim):
Malama Allah ya saka da alheri, hankalina ya ɗan kwanta. Amma ni kaina in wani dattijo ya tambaye ni don me ake ninkawa bani da amsa, kuma mutanenmu kin sansu, in kace musu "haka ƙa'ida tace" sai su ce ƙa'idar wa.

Ɗalibin FUD (Dutse):
Malam barka da ƙoƙari, bari na sa baki duk da akwai manya. Ka manta da bisa-bisa ɗin nan gaba ɗaya, ka yi musu da ƙirge. Kowane yaro ɗaya na aji A zai iya haɗuwa da kowane ɗaya cikin 50 na aji B, to yara 40 kowa da hanya 50, hanyoyi 2000 kenan da ƙuri'ar zata iya faɗuwa, kuma in an yi ta tsakani da Allah babu wadda ta fi wata. A cikinsu nawa ne duka biyun 'yan ƙauyenku? Yaranku 12 na A kowanne da 20 na B, 240. To 240 cikin 2000 shi ne 12 cikin ɗarin da Malama ta faɗa. Nan ninkawar ta fito, ba wani sirri.

Sannan ga abin da nake ganin yafi amfani a taron. Ka yi wa sauran ƙauyukan irin wannan lissafin a gabansu. Na gabas 16 sau 15, shi ma 240, wato daidai wa daida da naku, damar da kuke da ita ta kwashe kekunan biyu ita ce dai damar da suke da ita. Na bakin kogi 12 sau 15, 180, kashi 9. In ka tara ukun 660 cikin 2000, kashi 33, kenan kusan sau ɗaya cikin uku kekunan biyu ƙauye ɗaya za su tafi ko ma wanne ne. Da gabas suka tafi babu wanda zai ce komai a kanka, abin da ya sa ake magana kawai don ya faɗa ƙauyen mai rubuta takardun ne.

Malamin Hausa (yankin Ringim):
Wannan na gane shi sarai ɗana, Allah ya yi albarka. Wani abokin aikina yace wai da na zuba duka yara 90 ɗin a hula ɗaya aka zaro biyu da hakan bata faru ba, gaskiya ne?

Malamar Lissafi (Gumel):
Ba gaskiya bane Malam, amma tambayar tana da kyau don nan ne ɗalibai suke faɗuwa. In hula ɗaya ce to zaro na biyu ya dogara da na farko, saboda takardar da ta fita ta fita kenan bata komawa. 'Yan ƙauyenku duka 32 ne cikin 90. In na farko naku ne saura 31 cikin 89. Har yanzu ninkawa za a yi, amma da sabon adadin, 32 sau 31 a sama 992, 90 sau 89 a ƙasa 8010, ya zo kashi 12 da 'yan kai. Kusan abu ɗaya ne da wanda ka yi. Ƙari ma da ka yi haka da ka saɓa sharaɗin mai kyautar, don kekunan biyu za su iya tafiya aji ɗaya.

Tsohon Hedimasta (Jahun):
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da yaran nan suka rubuta kuma lissafinsu bani da ja a kai. Amma Malam ina so ka ji wannan daga gurin wanda ya ga irin wannan rigimar da yawa kafin ya ajiye aiki. Lissafin nan bai wanke ka ba. Abin da ya nuna kawai shi ne sakamakon da aka samu ba hujja bace a kanka, don ƙuri'ar gaskiya tana iya kawo shi. Amma wanda ya yi maguɗi ma ai wannan sakamakon zai kawo, kuma dattijon da yake zarginka ya san haka ko da bai taɓa shiga aji ba. In ka miƙe a taro kana ta 12 cikin ɗari kamar ka gama magana, za su ce ka zo ka rufe su da boko.

Kuma duk lissafin da aka yi a sama an gina shi ne a kan cewa kowace takarda damarta ɗaya da 'yar uwarta. Ɗalibin Dutse ya faɗa a gurguje, "in an yi ta tsakani da Allah", to ni nan nake so mu tsaya. Niyya daban aiki daban. Takardun girmansu ɗaya? Naɗinsu ɗaya? Da wane jeri ka rubuta sunayen, kuma yaya aka gauraya? Monitan da ya zaro yana ganin cikin hular? Shi ɗan wane ƙauye ne?

Malamin Hausa (yankin Ringim):
Baba Allah ya ƙara girma. Takardun daga littafin rubutu na yago su da hannu, kusan girma ɗaya ne amma ban auna ba. Sunayen daga rajista na kwafa, ita kuma rajistarmu ƙauye-ƙauye take don haka sunayen suke zuwa mana daga ƙananan makarantun, bakin kogi farko, sai gabas, namu ne ƙarshe, a duka ajin biyu haka take. Ina rubutawa ina jefawa a hular, da na gama na girgiza. Monitoci sun kau da kai lokacin zarowa, na A ɗan gabas ne na B ɗan bakin kogi.

Tsohon Hedimasta (Jahun):
Madalla da monitocin ba naku bane, wannan ka faɗe shi a taron da babbar murya. Amma ka ga inda nake tsoro. Na ƙarshen shiga shi ne a sama, hula kuma bata da zurfi balle faɗin da takardu 50 za su juya a ciki, naɗaɗɗiyar takarda tana maƙale 'yar uwarta, yaro kuma in ya sa hannu a gaban jama'a na sama yake ɗauka. Bance haka aka yi ba, Allah kaɗai ya sani, amma in haka ne to damar 'yan ƙauyenku ta wuce 30 da 40 ɗin da ake lissafi da su ba tare da kowa ya nufa ba.

Ɗalibin FUD (Dutse):
Baba wallahi ka taɓo wani abu da ya taɓa faruwa da gaske a Amurka, malaman ƙididdiga har yanzu suna kawo shi misali. Lokacin yaƙin Biyetnam, ranar 1 ga Disamba 1969, gwamnatinsu ta yi ƙuri'a don tsara waɗanda za a fara kira aikin soja cikin samari. Suka rubuta ranakun shekara 366 har da 29 ga Fabrairu, kowace rana a cikin ɗan ƙwanso, wanda aka fara zaro ranar haihuwarsa shi za a fara kira, ta farko da ta fito 14 ga Satumba ce. To wata-wata aka zuba su daga Janairu har Disamba kuma ba a gauraya sosai ba, sai aka ga waɗanda aka haifa a watannin ƙarshen shekara, musamman Disamba, sun fi fitowa da wuri fiye da yadda lissafi ya nuna. Ga shi a talabijin aka yi kowa yana kallo, babu wanda ya shirya maguɗi, gaurayawar ce kawai bata isa ba. A ƙuri'ar 1970 sai da suka canza tsarin suka yi da ganga biyu, ɗaya ta ranaku ɗaya ta lambobi. Kenan in gwamnati guda abin ya same ta a kan maganar rai da mutuwa, hular Malam ba abin kunya bace, gyara kawai za a yi.

Kuma Malama ki duba min, in jerin rajistar iri ɗaya ne a ajin biyu, ai matsala ɗaya ce ta taɓa hulunan biyu ko?

Malamar Lissafi (Gumel):
Haka ne, ta tura su duka ɓangare ɗaya. Ninkawar tana nan don hannun wannan monitan bai san abin da na wancan ya zaro ba, amma lambobin da za a ninka ne suka canza. A ce misali, misali kawai nake bayarwa, zama a sama ya kai damar ƙauyensu rabi a aji A da 6 bisa 10 a aji B, to ka ga 12 ta koma 30 cikin ɗari. Shi ya sa maganar Baba ta fi tawa nauyi a wannan gaɓar.

Abu Huzaifa (Babura):
Ni dai tsakani da Allah duk wannan lissafin na 'yan caca ne, abin da Allah ya rubuta wa yaro shi zai samu. Malam kace musu rabo ne kawai.

Ustaz (Kazaure):
Ɗan uwa Abu Huzaifa, rabo gaskiya ne babu musulmin da zai ja, amma ƙuri'a ba caca bace. Caca ita ce kowa ya zuba nasa wani ya kwashe na sauran, nan kuwa babu yaron da ya sa ko sisi, kyauta ce aka rasa wanda za a fifita. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah SAW in zai yi tafiya yana yin ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta fito da ita yake tafiya. A Suratu Ali Imrana aya ta 44 an ambaci jefa alƙaluma a kan wanda zai riƙi Nana Maryam, a Saffat aya ta 141 an ambaci ƙuri'ar da ta faɗa kan Annabi Yunus a jirgin ruwa. To tunda halas ce, kyautata ta yadda ba za a tauye kowa ba yana cikin adalci, kuma wanda ya iya lissafin da zai taimaka a kan haka ya yi aikin lada. Abu ɗaya dai da malamai suke faɗa, ana komawa ƙuri'a ne in haƙƙin mutane ya zo daidai babu abin da zai fifita wani.

Ɗalibin FUD (Dutse):
Allah ya gafarta Malam, kan maganar caca da Abu Huzaifa ya kawo, gaskiya ne a tarihi wasiƙun da masana lissafi Pascal da Fermat suka yi wa juna a Faransa a 1654, waɗanda ake ɗauka su ne tushen wannan fannin, a kan rabon kuɗin wasan caca da aka katse suka fara. Amma yau da shi ake hasashen damina, da shi ake gwada magani da rigakafi kafin a ba mutane, da shi ake zaɓar gidajen da za a shiga in ana binciken lafiya a ƙauyuka.

Maman Sadiya (Miga):
Sallama gare ku. Ni ba lissafi na sani ba, uwa ce ni, kuma maganar Ustaz ta ƙarshe ita ce ta sa na kasa yin shiru. Malam tsakaninka da Allah haƙƙin yaran nan daidai yake? Kace makarantar a cikin ƙauyenku take, kenan yaron da ya ci keken daga gidansu yana jin ƙararrawa. Su kuma na bakin kogi tun da asuba suke fitowa, da damina su ratso ruwa da laka, da hunturu su fito cikin hazo, su iso an gama darasin farko a tare su a bakin get a ce sun makara, 'yan matan ma wasu haka iyaye suke gajiya su cire su. Iyayen nan da kake ji suna cewa maguɗi, ni ina ganin ba maguɗin ne yake cin ransu ba, abin da yake musu ciwo shi ne keke ya tafi gurin wanda baya buƙata suna kallo. Ko ka kawo musu lissafin duniya wannan ciwon yana nan. Ka kira mai kyautar nan ka faɗa masa halin da ake ciki, mutumin da ya sayi keke don yara su je makaranta bana jin zai ƙi ji.

Tsohon Hedimasta (Jahun):
Hajiya kin faɗi abin da ya kamata mu maza mu fara faɗa. Sai dai Malam kar ka canza sharaɗin da kanka, dukiyarsa ce shi yake da iko, kuma ta hannun shugaban makaranta za a bi ba kai tsaye ba. Waɗanda suka riga suka ci kuma kar a taɓa kekunansu, yaran basu yi laifin komai ba.

Malamin Hausa (yankin Ringim):
Hajiya maganarki ta shige ni, don ni nake tsayawa bakin get ɗin wasu ranakun ina ganinsu. Zan samu shugaban makaranta gobe in sha Allah. Amma a ce mutumin ya dage sai dai a yi yadda aka yi da, tunda namu sun ci wannan karon ai da wuya su sake ci ko? Wani yace min sau biyu a jere kusan ba zai yiwu ba.

Malamar Lissafi (Gumel):
Nan ma a kula Malam. Takarda bata tuna abin da ya faru zangon da ya wuce. In an cire yara biyun da suka ci, aji A saura 11 naku cikin 39, aji B 19 cikin 49, ka ninka 209 cikin 1911, wajen kashi 11 cikin ɗari. Ɗan ragin da aka samu daga 12 saboda an cire mutum biyu ne kawai, ba don wai yanzu layin wasu ne ba. Wanda yace maka da wuya, yana da gaskiya ne in tun kafin a yi ta farko aka tambaya, a lokacin yiwuwar sau biyu a jere bata kai kashi 2 cikin ɗari ba. Amma ta farkon ta riga ta faru, an gama da ita, abin da yake gabanka 11 ne. Kuma in aka ci gaba da wannan tsarin zango uku da irin wannan adadin, yiwuwar aƙalla sau ɗaya ƙauyenku ya kwashe duka biyun ta kai wajen kashi 30. Don haka ka faɗa wa iyaye tun kafin a zaro cewa zai iya maimaituwa, kar su ji shi bayan ya faru.

In kuma mai kyautar ya yarda da maganar Hajiya aka ware keke ɗaya gabas ɗaya bakin kogi, lissafin ya zama mai sauƙi, gabas yaransu 31 ne a ajin biyu kowa yana da 1 cikin 31, bakin kogi 27 kowa 1 cikin 27, kuma babu yadda za a yi ƙauye ɗaya ya haɗa biyu.

Na ranar Asabar kuma ga abin da nake yi wa ɗalibaina. Ka samo wake fari da ja masu girma ɗaya. Kwano na farko ja 12 fari 28, na biyu ja 20 fari 30, jan shi ne 'yan ƙauyenku. Ka ba dattawan da suka fi zafi su da kansu su rufe ido su ɗauki ɗaya nan ɗaya can, a duba, a mayar, a gauraya, a sake, wani yana ja musu layi a allo duk sanda ja biyu suka fito. In aka yi sau ɗari galibi zaka ga tsakanin 6 da 18, ba lallai 12 cif ba, ka faɗa musu wannan tun farko don kar ta zo 9 su ce lissafin ƙarya ne. Mayarwar nan dole ce, in ba a mayar ba adadin ya canza.

Ɗan Taura:
Wannan na waken ya yi, gani ya kori ji. Sau ɗari ba zai cinye lokacin taron ba kuwa?

Malamar Lissafi (Gumel):
A raba su gida huɗu kowa da kwanukansa biyu su yi 25-25 a tara, kafin a gama shan ruwa an gama.

Malamin Hausa (yankin Ringim):
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Ranar Asabar zan fara da faɗa musu yadda aka yi ƙuri'ar daki-daki har da jerin rajistar da hular, sannan waken, sannan na sanar da su cewa mun kai maganar nisa gurin mai kyautar in shugaban makaranta ya amince. Baba saura abu ɗaya, ta gaba da me za mu yi ta tunda hula da takarda akwai magana?

Tsohon Hedimasta (Jahun):
Murfin kwalbar lemo iri ɗaya, a rubuta lamba a cikin kowanne, a zuba a bokitin fenti mai murfi a rufe a jijjiga sosai a kifa a tayar, kowane ƙauye wakilinsa ya jijjiga da hannunsa. Lambobin kar a bi rajista, kowane yaro ya zo ya zari tasa da kansa a rubuta a allo gaban sunansa kowa ya gani, sannan a ƙirga murafen a bainar jama'a a mayar bokiti. Mai zarowa a samo ƙaramin yaro ɗan firamare wanda bashi da wa ko ya a ajin, a ɗaure masa ido. Masu unguwannin uku da liman su zauna a gaba. Kai kuma Malam ranar kar hannunka ya taɓa bokitin ko sau ɗaya, ka tsaya gurin allo da alli.